AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tsirkiyar Jita Mai Rufi Da Koyon Kiɗa A Waya

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke sayar da hatsi a kasuwar Dandume. Ya ce ƙanensa ya sayi tsohuwar jita a hannun wani direba, yana koyo ta bidiyo a waya, amma tun faɗuwar damina sau biyu ke nan yana canja tsirkiya saboda tsatsa. Ga shi an ce masa akwai wata mai rufi wadda ba ta tsatsa, sai dai tsada. Shi ne yake tambaya, shin gaskiya ne ko dai zancen 'yan kasuwa ne? Kuma shin mutum na iya ƙwarewa a kiɗan jita ba tare da malami ba?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Bari mu fara da ita tsirkiyar.

Jita irin wadda aka fi gani tsirkiya shida gare ta. Biyu sirara, zallar waya ce ta ƙarfe. Sauran huɗun masu kauri, idan ka duba da kyau, za ka ga waya ce a tsakiya aka naɗe ta da wata waya ta tagulla, kamar yadda ake naɗe zare a jikin mazari. To a tsakanin wannan naɗi akwai 'yan ramuka da ido ba ya gani sosai. Nan ne gumin hannu da maiƙo da ƙura suke shiga su daskare. Shi gumi gishiri gare shi, shi ke jawo tsatsa. Dattin kuma yana hana tsirkiyar kaɗawa yadda ya kamata, sai ka ji muryar jita ta dushe, kuma ko an saita ta ba ta zama daidai. Wanda ya wuni a gona ko yana auna masara, ya ɗauki jita bai wanke hannu ba, shi ya fi kowa saurin kashe tsirkiya.

Ita mai rufin, wani kamfani ne na Amurka mai suna W. L. Gore ya fito da ita kasuwa a shekarar 1997, da sunan Elixir. Dabarar ita ce a lulluɓe tsirkiyar da wata irin roba siririya ƙwarai, dangin wadda ake shafa wa kaskon suya na zamani don kada abinci ya kama. Rufin ya toshe ramukan nan, datti ba shi da wurin shiga. Daga baya wasu kamfanoni irin su D'Addario suka yi tasu. Saboda haka ba ƙarya ba ne, tana daɗewa. Masu yin ta sun ce takan yi ninki uku zuwa biyar na kwanakin wadda ba ta da rufi, amma ka san mai kaya ba ya kushe kayansa.

Sai dai akwai abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Kuɗinta yakan kai ninki biyu na ta gama-gari, ko fiye. Rufin kuma ba ya hana tsinkewa. Ɗan koyo yakan tsinke siririyar nan ta ƙasa wajen saiti, ya yi ta murɗa kunnen jita har ta ce tas, to mai tsada da mai araha duk ɗaya ne a nan. Wasu makaɗa kuma suna cewa tana da santsi a yatsa, muryarta ba ta kai ta tsirarar kaifi ba. In ta tsufa, rufin yakan fara saɓulewa a daidai inda ake bugu. Ga kuma jabu ta yi yawa, kwali iri ɗaya amma abin ciki daban. In ka ga an yi maka arahar da ta wuce hankali, ka ajiye.

Shawarata ita ce, watanni ukun farko ya yi amfani da mai araha, kuma mara kauri, wadda aka rubuta 10 ko 11 a jikin kwalinta, don ta fi sauƙin dannawa. Ya wanke hannu kafin kiɗa, in ya gama ya goge kowace tsirkiya da busasshen tsumma, sama da ƙasa. Idan hannunsa ya faɗa, kuma ga shi wurin saye da nisa sai an je Kano ko Kaduna, a nan ne mai rufi take biyan kuɗinta. Abu guda kuma da za a kiyaye: akwai jitar da aka yi ta don tsirkiyar roba. Kada a kuskura a ɗaura mata ta ƙarfe, ƙarfin jan zai lanƙwasa wuyanta ko ya ɓalle katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin. Da hunturu kuma a raba ta da rana da iska, bushewa na tsaga katako.

Sai batun koyo ta bidiyo. Eh, ana iyawa. Dandalin YouTube an buɗe shi a 2005, kuma akwai malamai da ke koyarwa kyauta a cikinsa. Sananne daga cikinsu shi ne Justin Sandercoe, mutumin Ostareliya, wanda ya jera darussansa daki-daki tun daga yadda ake riƙe jita. Yawanci da Turanci ne, na Nijar kuma za su sami na Faransanci, amma ido da kunne ne ke yin rabin aikin. Mu leƙa maƙwabta ma. Bombino na Agadas, tun yana yaro a gudun hijira, da kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler ya goge hannunsa. Mdou Moctar na jihar Tawa kuwa, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Yau dukansu biyu suna kiɗa a Turai da Amurka.

Amma ni da na riƙe alli a aji kafin in zo gidan rediyo, na san abu ɗaya: malami yana ganin ɗalibi, bidiyo ba ya ganinsa. In yaro ya karkace yatsa, mutumin cikin waya zai ci gaba da murmushi abinsa. Wata shida sai kuskuren ya zauna, gyara ya yi wuya. Haka nan sau da yawa laifin na jitar ne. Tsohuwar jita tsirkiyarta kan yi nisa da wuya, yaro ya yi ta dannawa sauti ba ya fita, ya ɗauka shi ne ba shi da baiwa. Don haka ko sau ɗaya a wata ya nemi wanda ya iya ya duba shi. Mai garaya ko gurmi ma zai gaya masa in ya saki kari, kuma a wurinsu zai ji irin kiɗanmu na gida, wanda Baturen bidiyo ba zai koya masa ba.

Ya zaɓi malami ɗaya ya bi shi daga darasi na farko, ban da tsalle-tsalle. Ya sauke darasin a waya lokacin da data ke araha, ya yi ta maimaitawa. A cikin YouTube akwai wurin rage gudun bidiyo zuwa rabi, don a ga yadda yatsu ke sauka. Akwai kuma manhajar saita tsirkiya ta kyauta, ita za ta rage masa tsinke-tsinke. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai. Yatsu za su yi zafi mako biyu ko uku kafin su yi kanta, wannan kowa ya sha shi, kada ya sa shi ajiyewa.

Kai kuma Malam, tun da kai ne babba, ka sa ido kada kiɗa da waya su ci lokacin gona da na karatu. Da fatan ka gamsu. Sauran takardu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.