Jego a Dareta

A Dareta, kamar sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bisa al'ada mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. Ciki ya tsufa, sai a kai ta goyon ciki gidan iyaye. Can za ta durƙusa, ta cije, don kunya ba ta barin ta ɗaga murya. Sau da yawa sai ɗa ya faɗo ungozoma ke isowa, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya.

Daga nan sai jego, kuma abokin gabarsa sanyi ne. Tun kafin haihuwa an tara itace. Safe da yamma a tafasa ruwa, a tsoma ganyen bedi ko na tsamiya, a riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya gasu. Ta sha kunun kanwa, ta ci ƙauri da yaji, ba daka ba surfe har ta yi arba'in. Wannan hutu da wannan nama gata ne na gaske, wata ba ta sake samun irinsa sai wata haihuwar. Amma kanwar da tsananin zafin suna da illa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, tsofaffi su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta. Nan ne abin ya fi ban tausayi, domin ƙauna ce ke ƙara cutar.

Naƙuda idan ta yi tsawo, rubutu ake fara ba mace, wani lokaci a yi yankan gishiri, mai iya jawo yoyon fitsari. Zubar jini da jijjiga kuwa sai asibitin Anka, ga hanya ba tsaro.

Dareta tana da nata ƙarin nauyin. A 2010 aka gano gubar dalma daga duwatsun zinariya da mata ke dakawa a tsakar gida, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a yankin. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara magani. Sai dai dalma ƙashi take shiga ta kwanta shekaru, ciki da shayarwa su tashe ta ta koma jini, ta kai ga ɗan tayi. 'Yan matan da suka yi rarrafe cikin ƙurar nan su ne ke haihuwa yanzu.