Iyalin Sarkin Musulmi Attahiru A Bakin Kogin Nilu

Da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara iyali da jama'ar da suka tsira, suka nausa gabas, sun nufi Makka. Tafiya ta yi tafiya, sai ga su a Sudan, inda nan ma Ingilishi ne ke mulki. Suka ya da zango a bakin Nilu, kusa da Sinnar, suka sare daji, suka shuka dawa, garin ya ci sunan Maiwurno. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira cikin 1925, 'ya'yansu suka shiga aikin. Jikoki kuwa Larabci ya zauna a bakinsu, amma har yau Fallata ake ce musu.