Hali da Hanya: Abin da Ke Ɗaga Ɗan Kasuwa a 'Yargoje

Masu koyar da sana'a ba sa gajiya da labarin Alhassan Ɗantata: maraya daga Bebeji, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, ya tara dukiya da tsimi da riƙon amana. Duk gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa kuma suna neman gyaɗa ido rufe. Halinsa ya tarar da hanya a buɗe.

To, a ɗauki matashi mai irin wannan hali a ajiye shi a 'Yargoje ta ƙaramar hukumar Ƙanƙara. Ƙasar ba ta rowa: ga masara da dawa, ga kasuwar dabbobi ta Sheme a Faskari, ga ta hatsi a Dandume kusa da Sabuwa, ga Funtuwa. Sai dai jarin ƙaramin ɗan kasuwa a nan suna ne, ba tsabar kuɗi ba. Yana karɓar buhuna bashi, ya biya ranar kasuwa mai zuwa, dillali ya tsaya masa don an san bai taɓa saɓa alkawari ba.

A 2021, don daƙile 'yan bindiga, gwamnatin jiha ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka kuma katse layukan waya. Mai POS ya zauna, mai tambayar farashi ta waya ya koma canki-canka, mai bashi ya kasa biya ba don ya ci amana ba. A Yunin 2024 kuma aka afka wa 'Yargoje kanta, aka kashe mutane da dama.

Ban ce hali ba ya aiki ba. Cikin wannan ƙuncin wani ya zaɓi kai wa 'yan daji mai da burodi, maƙwabcinsa ya gwammace ya yi asara. Amma hali yana tsare mutunci ne, ba ya raka mota zuwa kasuwa.

Gwamnati da masu raba jarin tallafi su fara da tsaron hanya da gona. Masu amana suna nan a 'Yargoje, hanyar kai kayansu suke nema.