Sandar Fatsa ta Gora: Sana'ar da Kasuwa Ta Yar, Masu Sha'awa Suka Ɗauka

Ƙasar Kurfai, wadda Filinge ne babban garinta, ba ƙasar su ba ce, domin Dallol Boso da ta shimfiɗu a cikinsa tsohon kwarin kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru, ruwan da ya rage masa kuwa ko dai yana ƙarƙashin ƙasa inda rijiyoyi ke cim masa, ko kuma yana kwance a tafkunan damina da ke ƙafewa idan rani ya yi nisa. Masunta na gado suna can bakin kogin Kwara, wajen Yamai da Tilaberi da Gaya, da kuma ƙasar Kabi inda Sarkawa suka yi suna. Saboda haka abin da mutumin Kurfai ya fi sani game da fatsa bai wuce sanda da zare da ƙugiya da tana ba, kuma a wannan tsari sandar ba ta da wani aiki illa ta ƙara wa hannu tsawo, kowane reshe miƙaƙƙe yana iya wadatarwa. Akwai kuwa wani nau'in fatsa a ƙasashen sanyi wanda sandar ce ginshiƙinsa, har ta kai ga mutum ya kwashe makonni yana sassaƙa guda ɗaya daga gora, yana auna kaurinta da ma'aunin da ke raba milimita gida ɗari, ba don sayarwa ba, sai don sha'awa.

Wannan nau'i shi ne fatsar ƙwaron ƙarya. Kifin da aka fi nema da ita, wato turawut da danginsa da ke zaune a ƙoramu masu sanyi, yana cin ƙananan ƙwari da ke faɗowa saman ruwa ko suke ƙyanƙyashewa a cikinsa, don haka mai fatsa ba ya sa koto na gaske, sai ya ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har su yi kama da ƙwaron. Dabarar tsohuwa ce, tun da wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana wajen shekara ta 200 Miladiyya yadda mutanen Makidoniya ke ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. Matsalar ita ce irin wannan ƙwaro ba shi da nauyin da za a iya jifa da shi, don haka aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta, aka yi ta da kauri, ita ce ake wurgawa ta ja ƙwaron a bayanta. Mai fatsa yana kaɗa sandar baya da gaba kamar yadda makiyayi ke kaɗa bulala, sandar ta lanƙwashe ta tara ƙarfi, sannan ta miƙe ta sake shi, igiyar ta warware a iska mita goma ko ashirin kafin ƙwaron ya sauka kan ruwa ba tare da ya firgita kifi ba. Sandar da ta yi tauri da yawa ba za ta lanƙwasa ba, wadda ta yi laushi da yawa ba za ta dawo da wuri ba, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne duk ilimin sana'ar yake.

Da farko da katako ake yin sandunan, masu tsawo da nauyi. A wajen 1845 ne wani maƙerin bindiga a garin Easton na jihar Pensilbaniya a Amurka, Samuel Phillippe, ya shiga tsaga gora yana haɗa tsage-tsagen da gam, kuma shi ne akasarin masu tarihin sana'ar ke dangana wa farkonta a can, ko da yake Ingilawa ma sun gwada irin haka. Wanda ya mayar da ita masana'anta shi ne Hiram Leonard, da ya fara aiki a garin Bangor na jihar Maine a farkon shekarun 1870, ya tsayar da tsarin tsage shida, ya kuma ƙera injin da ke yanka su daidai wa daida, injin da ya riƙa kullewa a ɗaki don kada abokan gasa su ga yadda yake. Daga shagonsa ne manyan masassaƙa irin su Edward Payne da Fred Thomas suka fito suka kafa nasu. A Ingila kamfanin Hardy na garin Alnwick, wanda aka kafa a 1872, ya yi fice, a Faransa kuwa Pezon et Michel na garin Amboise.

Ba kowace gora ce ke yin wannan aiki ba. Masassaƙan farko sun yi amfani da wadda ake kawowa daga Indiya ta tashar Kalkata, amma daga baya duk suka koma ga wadda ake kira gorar Tonkin, wadda duk da sunanta ba daga Biyetnam take ba, a kudancin Sin ake noma ta, a tuddan da ke gefen kogin Sui na lardin Guangdong. Abin da ya fifita ta shi ne tana tashi a miƙe, gaɓoɓinta suna da nisa da juna, sannan a ƙarƙashin ɓawonta akwai jijiyoyi masu tauri da suka cunkushe wuri guda, waɗanda suke raguwa yayin da aka nufi ciki har a kai ga farin ɓargo marar ƙarfi. Waɗannan jijiyoyi ne ke ba sandar ikon lanƙwasa ta dawo, kuma duk matakan sassaƙar an tsara su ne don a zubar da ɓargon a bar su. Ana sayar da gorar a tsawon ƙafa 12, wato kimanin mita uku da rabi, kaurinta kusan santimita biyar, bayan an wanke ta da yashi an shanya ta a rana ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, masassaƙi kuma yakan ƙara ajiye ta shekara ɗaya ko fiye ta gama bushewa.

Aikin yana farawa da tsagawa, ba yankawa da zarto ba, domin wuƙa idan ta shiga gora tana bin hanyar jijiyoyin ne ba ta datse su. Gora ɗaya takan ba da tsage 18 zuwa 24, sandar da ke da gindi ɗaya da kai biyu kuwa, kamar yadda al'adar sana'ar ta tanada don a sami na canji idan ɗaya ya karye, tana cin 18. Daga nan sai a koma kan gaɓoɓi, waɗanda su ne raunin gora: a goge tudunsu, a gasa kowace da zafi har ta yi laushi, a matse ta har ta miƙe, sannan a jera tsage-tsagen ta yadda gaɓar wannan ba za ta zo daidai da ta maƙwabcinsa ba. Akasarin masassaƙa suna kuma gasa su a tanda mai zafin digiri 175 ko sama da haka na wasu mintoci, don a kore sauran danshi a ƙara musu tauri, kuma kuskuren 'yan mintoci a nan yana iya mayar da gorar abin da ke karyewa kamar busasshen kara.

Matakin da ya fi cin rai shi ne kankarewa. Kowane tsage dole ne ya zama alwatika mai kusurwa uku daidai, kowace kusurwa digiri 60, domin idan an haɗa shida su ba da sanda mai fuska shida wadda babu rami a tsakiyarta, kuma dole ne alwatikar ta riƙa sirancewa daga gindi zuwa kai bisa lissafi. Ana yin haka a kan wasu dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa gefe da gefe, da kwari a tsakaninsu, da kusoshi a kowane inci biyar waɗanda ake juyawa a faɗaɗa kwarin ko a tsuke shi. Masassaƙi yana kwantar da tsagen a kwarin, ɓawon yana jingine da ƙarfe don kada a taɓa shi, ya bi abin da ya ɗago sama da ƙarfen kankarar katako irin na kafintoci, ya juya ɗaya gefen ya sake bi, aske-asken suna fita sirara suna naɗewa, har bakin ƙarfen ya daina cizo. A can ƙarshen kai tsagen bai kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma bambancin da ake yarda da shi tsakanin tsage da ɗan'uwansa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci ba. Jerin waɗannan lambobi, wato kaurin sanda a kowane inci biyar, shi ne ainihin dukiyar masassaƙi, domin shi ke yanke ko sandar za ta lanƙwasa a kai kawai ko har zuwa hannun mai riƙe ta.

Abin da ya rage yana da yawa amma bai kai wannan wuya ba: a shafa gam, a naɗe tsage shidan da zare a matse, a miƙar da sandar kafin gam ya kama, a kankare ɓawon sama-sama, a sa ƙarafan haɗi, a ɗaure zobban da igiya ke bi ta ciki da zaren siliki, a yi mariƙi da ɓawon itacen kwak da ake samowa daga Fotugal, a rufe da man ƙyalli mai hana ruwa shiga. Gaba ɗaya aikin yakan ci awa 40 zuwa 60, abin da ke fitowa kuwa sanda ce ta mita biyu zuwa biyu da rabi wadda nauyinta ke wajen giram 100.

A tsakiyar ƙarni na 20 sana'ar ta kusa mutuwa, kuma abubuwa biyu ne suka haɗu a kanta. A 1950, lokacin yaƙin Koriya, Amurka ta haramta ciniki da Sin, gorar Tonkin ta daina shigowa har zuwa 1971, sai wanda ya tara a rumbu ya ci gaba da aiki. A daidai wannan lokaci sandunan zaren gilashi suka cika kasuwa da araha, sannan a 1973 na zaren kabon suka biyo baya, waɗanda suka fi gora rashin nauyi, suka fi ta nisan jifa, kuma ba su damu da ruwa ko rana ba. Manyan masana'antu suka rufe ko suka sauya layi. Abin da ya cece ta, in an duba da kyau, ba kasuwa ba ce, littafi ne. Everett Garrison injiniya ne a jihar New York wanda ya riƙa sassaƙa sanduna da hannu a gidansa, yana fitar da kaurinsu da lissafin da injiniyoyi ke auna ƙarfin gini da shi, kuma kafin rasuwarsa a 1975 ya yarda Hoagy Carmichael, ɗan shahararren mawaƙin nan mai wannan suna, ya rubuta duk abin da ya sani. Littafin ya fito a 1977, ɗauke da lambobi da zanen kayan aiki, ya nuna cewa mutum ɗaya a ɗan ɗakinsa zai iya yin abin da a da sai mai injin Leonard.

Tun daga nan sana'ar ta sauya hannu, ta koma wurin malaman makaranta da likitoci da 'yan fansho, waɗanda ke taruwa shekara-shekara a wurare irin su Grayling na jihar Michigan suna gwada sandunan juna, suna musayar lambobin tsofaffin masassaƙa kyauta, kuma Italiya ma tana da ƙungiyarsu. Fim ɗin A River Runs Through It na 1992 ya ƙara jawo mutane ga fatsar baki ɗaya. Wannan sauyin hannu wuri ne da ya kamata mai karatu a ƙasar Hausa ya tsaya a kansa, domin ƙira da dukanci da saƙa a nan sana'o'in gado ne da iliminsu ke tafiya daga uba zuwa ɗa, kuma idan kayan masana'anta suka kashe kasuwar, ɗan ya tafi bariki, ilimin yakan bi tsohon zuwa kabari. Kulle ɗakin da Leonard ya yi ya amfane shi muddin akwai ciniki, amma bayan cinikin ya tafi buɗewar Garrison ce ta yi amfani.

Ba za a ce sandar gora ta fi ta kabon kama kifi ba, kuma masu gaskiya daga cikin masassaƙan ba sa faɗar haka. Abin da suke yabo shi ne sanyin tafiyarta da yadda take sauke ƙwaro a hankali a ƙaramar ƙorama, wani ɓangare na yabon kuma, ba shakka, son abin da hannu ya yi ne kawai, wanda ya sa ake sayen aikin sanannen masassaƙi da dubban daloli. Sau da yawa ma kifin da aka kama da ita ana cire masa ƙugiya a mayar da shi ruwa, abin da zai ba wa masuncin Argungu mamaki, shi da tun 1934 ake auna bajintarsa a kogin Matan Fada da nauyin giwan ruwan da ya fito da shi.

Fatsar ƙwaron ƙarya ta iso kusa da ƙasar Hausa, domin baƙi daga Turai da Afirka ta Kudu suna zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai, neman kifin tsage da giwan ruwa, sai dai irin waɗannan kifaye masu ƙarfi sandar kabon ake tunkararsu da ita. Gorar da ke fitowa a dazuzzukan kudu da Sahel, wadda ake yin sandar kiwo da tsaikon ɗaki da ita, jinsi ne dabam da ta Tonkin, kuma cinikin sassaƙa bai ginu a kanta ba. Ga mai fatsa a tafki ko a gaɓar Kwara, hanyar Japanawa ta fi kusa da abin da ke hannunsa, domin su ba sa tsaga gorar: suna zaɓen sirara, su busar da su shekaru, su miƙar da su a kan garwashi, su yanka su gunduwa-gunduwa masu shiga cikin juna, sannan su naɗe bakin kowace gunduwa da siliki su shafe da ƙaron itace don kada ta tsage.