Yaron da aka ɗinke ma tantanin ƙirji: aikin iyaye bayan sallama

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga wani tantanin nama shimfiɗe tsakanin ƙirji da ciki. Huhu da zuciya suna bisa, hanji da tumbi da hanta suna ƙasa. Jikin mutum ma haka yake. Da wannan tantani ake jan numfashi.

Tantanin yana gama haɗuwa tun ciki bai cika wata 3 ba. Wani lokaci ba ya rufewa duka, sai ya bar ƙofa, galibi wajen hagu. Hanji ya bi ta ƙofar ya hau ƙirji, ya matse huhu, ya hana shi girma. Cikin haihuwa 3.000 ana samun kamar jinjiri 1 mai wannan ciwo. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, kuma ba laifin uwa ba ne.

Jinjirin yana faɗowa da numfashi sama-sama, leɓɓansa su yi shuɗi, cikinsa ya shafe. Maganinsa aikin fiɗa ne a babban asibiti: a maida hanji wurinsa, a ɗinke ƙofar. A ƙasashen da kayan aiki suka wadata, 7 cikin 10 suna rayuwa.

To, nan ne iyaye da yawa suke kuskure. Sun ga miki ya warke, sai su ce ciwo ya ƙare. Ƙofa dai an rufe ta, amma huhu yana nan ƙarami. Zai yi ta ƙaruwa har yaro ya kai kamar shekara 8. Kafin nan, murar da ɗan maƙwabta zai yi kwana 3 ya watsake, shi tana iya kwantar da shi asibiti. Don haka a nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba. Uwa mai dafuwa ta sauke goyo, ta miƙa ma wani. Lokacin ɗari, in ƙura ta taso, a bar shi cikin ɗaki. Allurar rigakafi kuwa, ko guda kada ta wuce shi.

Wahala ta biyu ita ce ci. Kusan rabin yaran nan suna yawan tumbuɗi, nono yana komowa daga tumbi. Ga shi numfashi kaɗai yana cinye masu ƙarfi, suna gajiya tun ba su ƙoshi ba. Haka tamowa take shigowa. A ba shi nono kaɗan-kaɗan, sau da yawa, nono zalla har wata 6. In ya gama sha, a riƙe shi tsaye bisa kafaɗa kamar rabin awa kafin a kwantar da shi. Kowane wata a kai shi awo. Sikeli yana ganin ramar da idon uwa bai gani ba tukuna.

Waɗansu suna jinkirin zama, ko tafiya, ko magana. Mafi yawansu suna cim ma tsaransu, su shiga lakwal. Amma akwai abin da ke zuwa a ɓoye: kurumta. Tana iya bayyana bayan shekara 1 ko 2, ko da yaro yana ji da farko. In ana kiransa daga baya bai waiwayowa, ko ya kai shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a nemi a auna kunnensa. Wajen wanka kuma a riƙa duba ƙirjinsa da gadon bayansa, don wani yana lotsawa, wani ya karkace.

Ɗinkin ma yana iya buɗewa, ko hanji ya sarƙe, ko bayan shekaru. Alamarsa amai tsanwa, kumburin ciki, rashin kashi, ko numfashi ya ɓaci farat ɗaya. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. Ba a ba shi jiƙo, ba a yi mashi tsaga. A tafi likita nan take, ko da dare ne, a riƙe karnen yaro da takardar asibitin da aka yi aikin, a faɗa ma malamin lafiya tun daga bakin ƙofa cewa an taɓa ɗinke ma yaron tantanin ƙirji.