Majanyin Mota

Duk uwar da ta taɓa goyo ta san zani kaɗai ba ya isa idan tafiya za ta yi nisa. Sai ta ƙara da majanyi, ta ɗaure tamau, sannan hankalinta ya kwanta. Kuma ba ado take dubawa wajen zaɓensa ba. Takan duba ƙwarin saƙa, ta ga ko ya kai girman yaron, ta tabbatar zai ɗauru da kyau. Da wannan idon ya kamata a zaɓi kujerar mota ta yara.

A cikin mota, runguma ba ta ceton jariri. Ko da gudun bai wuce kilomita 50 a awa ba, idan aka yi karo yaro yakan fizge daga cinya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, ba hannun da zai iya riƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari.

Ƙwarin saƙar kujera a tambarinta ake gane shi. Na Turai suna da wata takarda ruwan lemo a manne, mai harafin E cikin da'ira da lamba R44/04 ko R129. Na Amurka suna bin ƙa'idar FMVSS 213. Mai arha da mai tsada, muddin tambarin na gaske ne, sharaɗi ɗaya suka cika kafin a bar su shiga kasuwa. Ƙarin kuɗin galibi na laushin katifa ne da sunan kamfani.

Sai girma. Nauyin yaro da tsawonsa ake bi, ba shekarunsa kawai ba. Jariri baya zai fuskanta, domin kansa na da nauyi, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Ƙa'idar R129 ta wajabta haka har wata 15 aƙalla. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya nemi irin wadda ake juyawa gaba daga baya, mai ɗaukar yaro har kilo 18, wato kusan shekara huɗu. Saye ɗaya ya raba shi da biyu.

A kan ta gwanjo kuwa, a yi hattara. Majanyi idan ya tsufa ido na ganin inda ya sale, amma roba takan ɓoye tsagarta, ga zafin rana na cinye ƙarfinta a hankali. Yawancin kujeru wa'adinsu shekara 6 zuwa 10 ne daga ranar ƙira, ranar kuma na rubuce a jikinsu. Idan ba daga hannun ɗan'uwa ta fito ba, wanda aka tabbatar bai taɓa haɗari da ita ba, a haƙura.

Ko kujerar ta kai ta kawo, sakin ɗauri na ɓata ta. A gwada ta a motar gida kafin a biya. A kujerar baya ake ɗaure ta, ba gaba ba inda jakar iska ke fashewa. Idan an girgiza gindinta, kada ta motsa fiye da santimita 2.5. Igiyarta kuma ta kwanta a kafaɗar yaro, yadda yatsu ba za su iya tsunkule rara ba.

In kuɗi ne ya tsaya, akwai hanya a al'adarmu. Ranar suna akan tara sabulu da atamfa da rigunan da jariri zai fi ƙarfinsu cikin wata biyu. 'Yan'uwa uku ko huɗu su haɗa kuɗin barkarsu su sayi kujera guda, mai jego ta koma gida da abin da zai tsare ɗanta shekaru.