Goge Da Amada: Me Ya Sa Muke Rage Murya Idan Abokai Sun Iso?

Duk wanda ya saba cin kasuwar Baleyara ranar Lahadi ya san cewa ba kukan dabbobi da hayaniyar dillalai kaɗai kunne ke ji ba. Garin yana kimanin kilomita 100 daga Yamai a kan hanyar Filinge, kuma nan ne mahaɗar Zabarmawa da Buzaye da Fulani da Hausawan ƙasar Kurfai. Kowa da harshensa, kowa kuma da kiɗan da ya tashi da shi. Sai dai abin da muka lura da shi shi ne, waƙoƙin da ake sakin muryarsu a rumfuna na fim ne da na zamani. Goge da gurmi da amada kuwa suna nan cikin wayoyin jama'a, amma da zarar aboki ko maƙwabciyar rumfa ta doso, sai ka ga an yi wuf an rage murya ko an sauya waƙa.

Wannan ɗabi'a ba a Baleyara kaɗai take ba, haka abin yake a Maraɗi da Katsina da Kano. Mutum yana son kiɗa har cikin ransa, amma yana tsoron a ce masa baƙauye, ko a ce wa mace ta tsufa tun lokacinta bai yi ba. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, daga ina wannan kunya ta samo asali, kuma wa take cuta?

Tushen kunyar

A iya fahimtarmu, abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko shi ne matsayin makaɗi a al'adar Bahaushe. Tun da can ana lissafa makaɗa da mawaƙa cikin maroƙa, ana jin daɗin aikinsu, ana yi musu kyauta, amma gidaje da dama ba sa son ɗansu ya bi wannan hanya ko 'yarsu ta auri mai ita.

Na biyu shi ne alaƙar goge da bori. Da goge da ƙwarya ake kiran iskoki a wajen 'yan bori, haka ma a wajen maƙwabtanmu Zabarmawa. Ƙasar Kurfai kuwa tana da nata tarihin a wannan fanni. A 1925 ne, a garin Shikal, wata mata mai suna Shibo ta zo da sababbin iskoki waɗanda ake kira Babule ko Hauka, masu kwaikwayon sojoji da hafsoshin Faransa. Abin ya tayar wa Turawan mulkin mallaka hankali har suka kama mabiyanta suka tsare. Daga baya, da wa'azin gyaran aƙida ya yi ƙarfi, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da yaɗuwarta zuwa Nijar, sai mutane da yawa suka ƙaurace wa duk abin da ke da ƙamshin bori. Goge ya kwashi wannan baƙin jini gaba ɗaya, alhali da shi ake cashewa a bukin aure da na suna da sauran taron nishaɗi da babu ruwansu da iskoki.

Na uku shi ne sauyin zamani. Daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa na Kano suka cika kasuwa da waƙoƙin fiyano, a Yamai kuma matasa suka rungumi kiɗan rap. Daga nan sai kiɗan gargajiya ya koma abin da ake jingina wa tsofaffi da mutanen karkara.

A nan ya kamata mu bambanta abu biyu. Wanda ya bar sauraron kiɗa saboda abin da ya fahimta a addininsa, ba da shi muke ba, wannan fage ne na malamai, kuma ya cancanci a girmama shi. Muna magana ne a kan wanda ke sauraron waƙar fim a bainar jama'a, amma yake ɓoye goge don kada a yi masa dariya. Wannan ba tsoron Allah ba ne, tsoron bakin mutane ne.

Waɗanda aka raina jiya

Iyayenmu mata 'yan kasuwa sun fi kowa sanin Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Amada kiɗan mata ne na cikin gida, da ƙorai ake yin sa, wasu a kife a ƙasa, wasu a kan ruwa. An sha sukar Barmani cewa bakinta ba shi da linzami, amma ita ce ta yi waƙar "A Kama Sana'a Mata", inda ta zaburar da mata su nemi na kansu. Yau malaman jami'a na nazarin waƙoƙinta. Ashe matar da ke soya ƙosai ko sayar da daddawa ba ta da dalilin jin kunyar waƙar da aka yi domin ɗaga darajar sana'arta.

Haka Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya waƙe talakawa irin su karen mota, kuma ya zaga ƙasashen duniya da shi. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi suna har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. A Nijar ma, sunan mawaƙin gargajiya na Tawa, Ɗan Gurmu, aka sanya wa babbar gasar kiɗa ta ƙasa.

Wani abin mamaki kuma, a 2011 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya fitar da faifai na waƙoƙin da ya tattaro daga katin wayoyin mutanen Sahel. Cikinsu akwai ta Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda danginsa ba su so ya yi kiɗa ba, har sai da ya haɗa jitarsa ta farko da wayar burkin keke. Yau yana wasa a manyan dandali a Amurka da Turai. Wato abin da ke kwance cikin wayoyinmu, wasu kuɗi suke biya don su ji shi.

Wa ke asara?

Kowane ɗan kasuwa ya san hajar da aka ɓoye a ƙarƙashin tebur ba ta samun mai saye. Haka kiɗa yake. Goge ba a masana'anta ake yin sa ba. Ƙwarya ake samu a rufe ta da fatar guza ko damo, a ɗaura tsirkiyar izgar doki, sannan yaro ya share shekaru yana bin maigidansa kafin hannunsa ya faɗa. Ba a rubuta wannan ilmi a takarda ba, daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Idan masu son kiɗan suka koma saurare a ɓoye, ba mai gayyatar makaɗi buki, sai a ɗauko na'ura da lasifika. Makaɗin da ba a gayyata ba zai koma wata sana'a, ɗansa kuma ba zai koya ba. Ga kuma matsalar tsaro da ta sa aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi tun 2017, abin da ya ƙara takura taron dare inda makaɗa ke samun na tuwo. Ranar da tsohon makaɗi ya kwanta dama, da kirarin gidajenmu da tarihin garuruwanmu za a binne shi.

Asarar ba ta tsaya kan makaɗi ba. Mai noman duma, mai gyaran ƙwarya, mai jima, da mai sayar da abinci a wajen taro, duk suna ci daga wannan hanya, kuma dukkansu 'yan kasuwa ne irinmu.

Shawararmu

Ba mu ce kowa sai ya so goge ba, abincin wani gubar wani. Ba mu kuma ce a cika kunnen maƙwabci da ƙara ba, musamman lokacin salla ko kusa da masallaci. Amma wanda ke son kiɗansa ya saurara da murya madaidaiciya ba tare da sunkuyar da kai ba. Idan abokai sun yi tsiya, a yi dariya tare, a gaya musu sunan mawaƙin da abin da waƙar ke faɗa. Sau da yawa mai tsiyar shi ma yana da irinta a wayarsa.

Mai halin aurar da 'ya ko yin suna, ya ware wa masu ƙwarya ko mai gurmi wani abu ko da na yamma ɗaya ne. Ƙungiyoyin mata masu adashi su tuna da masu amada a ranar shagalinsu. Masu kira a gidajen rediyo su riƙa neman a sa musu na gargajiya, domin abin da ake tambaya shi ake kawowa kasuwa. Masu tura waƙa a waya kuma su ajiye na gida kusa da na waje. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.